Doguwar Tafiya: Abin Yi da Abin Bari Daga Gida Zuwa Masauki

Daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta kilomita 1,000 ko fiye, gwargwadon hanyar da direba ya ɗauka, ta Jebba ko ta Lakwaja. Zuwa Maiduguri kuwa kusan kilomita 600 ne. Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin motocin nan ya sallama yininsa, wata sa'a har da darensa, ga kujerar da ba ta fi faɗin ƙugunsa ba. Ramukan titi ba a hannunsa suke ba, haka shingayen bincike, haka kuɗin mota da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Amma wahalar da ta fi cin rai a hanya, ko dai matafiyi ne ya ɗauko ta da kansa daga gida, ko maƙwabcin kujerarsa ne ya ɗora masa. Waɗannan biyun suna da magani. Ga dokokin, kuma babu wadda aka sa don ado.

KAFIN A BAR GIDA

1. Ka haɗa kayanka tun ana gobe tafiya, ka raba su gida biyu. Babbar jaka ta but ce. Ƙaramar a cinyarka za ta zauna, da katin shaida, magani, caja, ruwa, guzuri da rigar sanyi a ciki. Da zarar yaron mota ya jibga buhunan albasa a kan babbar ya ja igiya, kai da ita sai an sauka. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya bar maganinsa a but, shi ya ja wa kansa.

2. Kada ka ɗauki kayan da ba za ka iya ɗagawa kai kaɗai ba. Kowace ƙarin jaka ƙarin ciniki ce da ɗan kamasho, ƙarin kuɗin dako, ƙarin abin mantuwa. In bakko ce, ɗaura mata ƙyalle mai launi a hannu, domin irinta ba iyaka a mota, kuma mai sauka a Zariya cikin sauri ba ya tsayawa tantancewa.

3. Ka yi sammako. Motar farko ita ke samun direban da ya yi barci, da titi mai sanyi, da isa da sauran rana. A hanyar Damaturu zuwa Maiduguri makara ta taɓa zama ajali: a watan Fabrairun 2020, matafiyan da suka tarar an rufe hanyar shiga gari suka kwana a Auno, mahara suka far musu cikin dare, aka rasa rayuka da dama. Wanda ya bar Kano da hantsi yana nufin Maiduguri ya ɗauki kasadar da ba ta da dalili.

4. Kada ka bi dare matuƙar akwai makawa, kada kuma ka ɗauki hanya don kawai ta fi gajarta. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kafin ka biya kuɗi, tambayi direbobin da suka shigo jiya halin da hanya ke ciki. Su ke da labarin da bai kai rediyo ba tukuna. Da damina ka ƙara tambaya: a 2012 da 2022 ambaliya ta yanke hanyar Abuja zuwa Lakwaja, mutane suka yi kwanaki a kan titi.

5. Ka raba kuɗinka wuri biyu ko uku, ka ware canji a aljihun da hannu ke saurin kaiwa. Kada ka zaro damin 'yan dubu-dubu a gaban jama'a don sayen ruwan leda. Kada kuma ka dogara da taransfa: inda mota ke lalacewa, can sabis ke ɗaukewa, kuma mai faci a ƙauye ba ya jiran alat.

6. Ka gaya wa mutum ɗaya ko biyu a gida tashar da ka shiga, lambar motar da lokacin tashi. Kada ka yi shelar tafiyarka a Facebook ko WhatsApp. Hoton "mun kama hanya" zai iya jira har ka isa.

A TASHA

7. Ka shiga mota a cikin tasha, ko da ta fi tsada. Unguwa Uku, Kawo, Mando, Jabi: kowacce tana da shugabanni da takardar da ake rubuta sunayen fasinja. Rubuta sunanka na gaskiya da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru, lambar da ake ɗauka, ba taka ba. Motar bakin titi mai rangwame ita ce tarkon 'yan wan-cans, kuma in ta ɓace da kai babu wanda ya san ka shiga.

8. Kada "saura mutum ɗaya!" ta ruɗe ka. Leƙa ka gani ko masu zaman suna da kaya. In ka ga mutum ba jaka ba leda, yana kiran 'yan tasha da sunayensu, zaman jan fasinja yake yi, kana biya zai zame. Tambayi wace mota ce a kan layi, ita ce mai tashi.

9. Ka zagaya motar kafin ka zauna. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2321, mako na 23 ne a 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce taya ta gama aiki bayan shekara huɗu, ko da zanenta bai suɗe ba. Wadda ta kumbura a gefe, ko ta cinye har waya ta fito, ba ta kai mutum Legas.

10. Ka dubi direba ma. Ido jajir, magana a sarƙe, ko labarin cewa yanzu ya shigo daga Fatakwal zai juya: duk dalilan sauka ne. Karɓi kuɗinka ka jira ta gaba. In an hana ka kuɗin, asararsu ta fi sauƙi.

11. Kada ka yarda a sa ku biyu a gidan gaba, ɗaya na zaune a kan giya. In kana da hali, biya kuɗin kujera biyu ka huta. Mai jiri ko amai ya nemi gaba, ko tsakiya kusa da taga. Kujerar ƙarshe, da ke kan tayoyin baya, ita ke shan kowane rami. A manyan bas na Sabon Garin Kano, kada arha ta kai ka kan bencin da ake jerawa a hanyar wucewa: babu majingina, ga tafiyar ta kwana ce.

12. Kada ka karɓi saƙon da ba ka ga cikinsa ba, ko daga wa ya fito. "Ɗan kai wa ƙanena a Agege" ta jefa mutane hannun jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. A buɗe a gabanka, ko a bai wa 'yan tasha su rubuta shi a matsayin saƙo. A shinge, kaya na wanda aka same su a hannunsa ne.

CI DA SHA

13. Ka yi guzurin abin da ba ya lalacewa: dabino, gyaɗa, aya, ƙuli-ƙuli, cincin, kilishi, dambun nama. Ci kaɗan-kaɗan. Cikin da aka cika da ɗumame da asuba shi ke juyawa a kwanar farko. Kada ka ɓare dafaffen ƙwai ko ka buɗe kifi a motar da gilasanta ke rufe, kada kuma ka jefa leda ko gora ta taga.

14. Kada ka gwada sabon abinci a hanya. In an tsaya a Tafa, Lakwaja, Mokwa ko Potiskum, nemi abin da aka sauke daga wuta a gabanka: shayi da ƙwai, tsire mai zafi, shinkafar da ke tururi. Ka bar kwaɗo da salak ɗin da suka yini a rana, da zoɓo ko kunun da ba ka san ruwansa ba. Gudawa a motar haya azaba ce da kunya a haɗe, direba kuma ba zai yi ta tsaya maka ba. Sa ƙunshin ORS a jaka.

15. Kada ka ƙi shan ruwa don gudun fitsari. Shi ke kawo ciwon kai da kasala a ƙarshen tafiya. Kurɓa kaɗan a kai a kai. Duk inda aka tsaya ka sauka, ko ba ka jin komai: ka zaga, ka miƙe ƙafa, ka ɗan taka. Dogon zama wuri ɗaya yana kumbura ƙafa, yana iya sa jini ya daskare a jijiya, musamman ga masu juna biyu da tsofaffi.

16. Ka yi wa na kusa da kai bismilla, haka tarbiyya ta ce. Amma kada ka ci ko ka sha abin da baƙo ya miƙo maka a buɗe. An sha sa wa matafiya maganin barci a lemo a kwashe musu kaya. "Na gode, Alhaji, yanzu na ci" ta wadatar.

ZAMAN TARE

17. Ka ɗaura bel in akwai, ka kuma buɗe baki in gudu ya yi yawa. Dokar hanya ta ƙayyade wa motar haya kilomita 90 a awa a tagwayen hanya, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Ba da zagi ake faɗa ba: "Malam direba, don Allah a sassauta, muna da iyali." In mutum uku suka faɗa tare, zai ji. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112. Haddace su.

18. Kada ka zama mai zuga. "Direba, taka ta mana, ka bari tirela ta tsare mu?" Da irin wannan magana ake shiga obatekin a kan kwana. Mai sauri, da ya fito jiya.

19. Kada ka yi cinikin kasuwarka a waya da ƙarfi. Mota ba ta bukatar sanin nawa ka sayar da shanu, nawa ke jakarka, ko a wace unguwa za ka sauka.

20. Kada ka tayar da gardamar siyasa, aƙida ko ƙabila. An cusa ku wuri ɗaya kamar buhunan gero, babu mai iya tashi ya ba wani wuri. In wani ya tayar, kame bakinka.

21. A shinge, cire abin kunne, ajiye waya, bar direba ya yi magana. Kada ka ɗauki hoto ko bidiyon jami'an tsaro. In an tambaye ka, amsa abin da aka tambaya ka nuna katinka.

22. Ka ba dattijo da mai goyo wurin da ya fi sauƙi. Namiji ya tattara gwiwarsa da kafaɗarsa in mace ce a gefensa. In barci zai kwashe ka, jingina da taga ko da jakarka. Tagar ma ta kowa ce: tambayi na baya kafin ka zuge ta, musamman da hunturu.

23. Ka yi maganar tsayuwar salla da direba tun a tasha, ka riƙe buta ko gorar ruwa. Shari'a ta sauƙaƙa wa matafiyi: a mazhabar Malikiyya, tafiyar da ta kai mil 48, wajen kilomita 80, ana yin kasaru, Azahar, La'asar da Isha su koma raka'a biyu-biyu, akwai kuma damar haɗa salloli biyu. Koyi hukuncin wurin malaminka kafin ranar tafiya. In an tsaya, kada ka ja dogon wuridi jama'a na jiranka a rana.

ABIN ƊEBE KEWA

Nan ake yin kuskure iri biyu. Wani ya fito hannu rabbana ya yini yana ƙirga ramuka, wani kuma ya mai da motar gidan kallonsa.

24. Ka sauke komai tun a gida. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa a dazuzzukan hanya, kuma wayar da ke lalube tana neman sabis ta fi shan batir. Daren tafiya, sauke abin da kake so a waya ko mimori, sannan ka kashe data ka gwada ko yana buɗewa. Fim ɗin da masu shi suka sa a tasharsu ta YouTube, can za ka ɗauko shi. Kada kuɗinka ya tafi wurin masu satar fasaha.

25. Ka fifita abin ji a kan abin kallo. Awa guda ta sauti ba ta cika wuce megabait 60 ba. Bidiyo ya ninka haka sau da yawa, ga cin batir, ga jiri, domin ido yana kan abu tsayayye jiki kuma yana jin motsi. Da sauti kuwa allon waya a kashe yake, idonka na kan hanya. Da sanyin safiya sa karatun Alƙur'ani na Husari, Minshawi ko Alaramma Ahmad Sulaiman. In hantsi ya yi, ga tafsirin malamin da kake bi, wanda zama ɗaya kan ci awa guda ko fiye. Mai son sanin halin duniya ya tanadi Gane Mini Hanya da Amsoshin Takardunku na BBC Hausa, ko Najeriya a Yau da Daga Laraba na jaridar Aminiya. Akwai kuma littattafan Hausa da ake karantawa a murya, waɗanda guda ɗaya kan raka mutum daga Kano har Abuja.

26. Ka tsara waƙoƙinka gwargwadon tafiyar. Doguwar hanya tana son waƙa mai labari. Kalangun Mamman Shata, kotson Musa Ɗanƙwairo da na Narambaɗa, gurmin Haruna Uji, ƙwaryar Barmani Coge: waɗannan ba sa gundura, domin kowane sauraro sai ka tsinci wata magana da ta wuce ka a baya. Waƙar Karen Mota ta Ɗan Maraya Jos kuwa, ba inda ta fi shiga jiki irin cikin mota, kana kallon yaron motar da kansa yana fama da igiya da jarkar ruwa. Bayan Azahar, lokacin da rana ke saukar da kasala, koma kan na zamani: Aminu Ala, Nura M. Inuwa, Naziru Sarkin Waƙa, Umar M. Shareef, Hamisu Breaker.

27. In kallo za ka yi, ɗauki mai dogon zango da aka yanka kashi-kashi. Gidan Badamasi don dariya, Daɗin Kowa don rayuwar yau da kullum, Kwana Casa'in don siyasa, Labarina da Izzar So ga mai son labari mai jan rai. Barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro ya dace da jiran mota ta cika. Kalli kashi ɗaya, sannan ka ɗaga kai ido ya huta. Inda titi ya lalace, ajiye wayar.

28. Ka sa littafi ɗaya a jaka, domin shi ba ya neman caji. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta fi kowanne dacewa: gajerun labarai ne, kana gama ɗaya kafin a gama ɗaure kaya. Ruwan Bagaja labarin tafiya ne daga farko har ƙarshe, ga ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Tafiya Mabuɗin Ilimi kuwa labarin zuwan Abubakar Imam Ingila ne a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ganɗoki na Bello Kagara, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Amma a tasha ake karatu, ko a jirgin ƙasa, ko lokacin da mota ta lalace ana jiran bakanike. Mai jiri kada ya buɗe littafi mota na tafiya.

29. Kada ka buɗe sifikar wayarka. Wannan ce babbar dokar ɓangaren nan. Waƙar da ke sa ka kaɗa kai ciwon kai ce ga Baba da ke bayanka. Wa'azin da kake ganin kowa na bukata, wani malaminsa daban. Sayi iyafis, mai arha ma ya isa. Kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100, kuma ka bar kunne ɗaya a buɗe. Dole ka ji in taya ta yi ƙara, in an ce a sauka, in an kira garinku.

30. Kada ka kalli abin da ba za ka kalla a gaban mahaifiyarka ba. Allon wayarka a idon mutum uku yake: na dama, na hagu, da yaron da ke leƙe daga baya. Bidiyon haɗari da na gawarwaki ma haka, babu mai son ganinsu yana kan titi. Da dare ka rage hasken allo, mutane na barci.

31. Kada ka cinye batirinka a kan nishaɗi. Fito da waya a cike da fawa-banki a cike. In caji ya sauko kashi 30, an gama kallo: sauran na kiran gida ne, da wanda zai tare ka, da tsautsayi. Kada ka miƙa wayarka gaba a sa maka caji sannan ka yi barci. Mutane na sauka a hanya.

32. Ka kalli taga. Fita Kano ta hanyar Zariya, ga gonakin shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa, waɗanda ruwan madatsar Tiga ke shayarwa. Dab da Abuja ga Dutsen Zuma, wanda ke jikin tsohuwar takardar naira 100. Kafin Lakwaja za ku haye Kogin Kwara a gadar Murtala da ke Jamata, a garin kuma yake haɗuwa da Binuwai. Ta ɗaya hanyar akwai gadar Jebba. Lura da inda rumbu ke sauya siffa, inda kuka ke ƙarewa kwakwar manja ta fara, inda tallar bakin titi ke tashi daga rake da fura ta koma doya da ayaba. Wanda ya yi Kano zuwa Legas kansa a sunkuye, kuɗin mota kawai ya biya.

33. Ka yi hira in ka samu mai so, ka yi shiru in ba ka samu ba. Dattijon da ke gefenka mai yiwuwa ya san hanyar nan tun ana zuwa Ikko a jirgin ƙasa. Gaishe shi, "Baba, ina aka nufa?", ka saurara. In amsa ta zo a gajarce sau biyu, ƙyale mutum. Kada hira ta kai ga adireshin gidanka.

34. Kada ka raba direba da abin da ke hana shi barci. Kiɗansa ko wa'azinsa kayan aiki ne. In ya yi ƙara, roƙa a rage, kada ka ce a kashe. Na gidan gaba aikinsa hira da direba, ba minshari ba. Amma direban da ya jingina waya a gaban sitiyari yana kallon fim, ko yake amsa kira a kai a kai, a tsawata masa nan take.

35. Ke uwar yara, kai uban yara, kada ku miƙa wa yaro waya tun daga tasha. Kafin Zariya batir ya mutu, kuka ya fara. A soma da kacici-kacici, tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, karin magana a faɗi rabi ya ƙarasa, ƙirga tireloli. Waɗanda suka iya karatu a koya musu lambar mota: haruffa ukun na ƙaramar hukuma ne, DAL Dala, FGE Fagge, ZAR Zariya, KJA Ikeja. ABJ kuwa da kowa ke ɗauka Abuja ce, ta Abaji ce. Waya sai an rasa yadda za a yi. Leda, tsumma da kayan canji su kasance a kusa. Yaron da ya isa zama a biya masa kujera. Yini guda a cinya azaba ce gare ku duka.

JIRGI DA ƘETARE

36. A jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, ka sayi tikiti da sunanka. An buɗe layin a 2016, kilomita 186 tsakanin Idu da Rigasa, kuma tun da aka dawo da zirga-zirga bayan harin 28 ga Maris 2022 ana neman lambar NIN. Kada ka saya a hannun 'yan bayan fage da sunan wani. Je da wuri, ka riƙe rigar sanyi.

37. A jirgin sama, fawa-banki a jakar hannu yake tafiya, ba ya shiga kayan awo. In ƙasar waje za ka, abin ruwa a hannu kada ya wuce mililita 100. Da hunturu hazo kan hana jirgi sauka ko tashi a filayen Arewa, don haka kada ka sa tafiya ranar ɗaurin aure, kuma littafinka ya kasance a hannu.

38. In za ka ƙetara Nijar, ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, ta Jibiya zuwa Maraɗi ko ta Kongolam zuwa Damagaram, riƙe takardun tafiya da katin rigakafin cutar shawara, ka canji sefa tun kafin ka shiga. Tambayi halin iyaka kafin ka fito; an taɓa rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024. Kada ka bi ɓarauniyar hanya.

SAUKA

39. Ka san inda za ka sauka da wanda zai tare ka tun kafin ka isa. In dare ya tsala, jiran asuba a tasha ya fi kutsawa garin da ba ka sani ba. Ƙirga kayanka kafin mota ta ja, duba ƙarƙashin kujera. Yi ciniki da mai adaidaita ko ɗan acaɓa kafin ka hau. Kira gida kafin ka nemi abinci.

40. Direban da ya kai ku lafiya, ba gudu ba waya, yi masa godiya ka karɓi lambarsa don komawa. Wanda ya yi ganganci da rayukanku, kai ƙararsa wurin shugaban tasha, ka faɗi lambar motar, kada kuma ka sake shiga motarsa ko kyauta ce. Shirun fasinja ne ke barin irinsa a kan titi.